Littafin Toktosun

A ƙauyenmu na Kara-Bulak, can ƙasar Kirgistan,
inda duwatsu ba sa tuɓe farar hula ko da bazara,
akwai Toktosun, tsohon ma'aikacin safiyo,
da ɗan littafi mai baƙin bango a aljihun kwat.
Da can haihuwar tumaki yake rubutawa ciki.
Bana ya juya shafi, ya ja layi,
ya ce daga yau tafiyar sabon sabis zai riƙa bi.

Sha biyu ga watan huɗu: an kafa ƙarfe a bakin gada,
direban motar madara ya gani da idonsa.
Ashirin ga wata: ya kai kasuwar dawakai,
wai hoto na buɗewa kafin ka ƙifta.
Toktosun ya jiƙa bakin fensir da yawu,
ya auna taswira da zaren ulu.
Saura yini biyu, in ji shi, in a kan goɗiya ne.

Mu kuwa namu sabis ɗin hawainiya ne.
Ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa,
ka hau rufin ɗakin ciyawa, ka karkace wuya,
murya ta zo maka gutsi-gutsi,
rabin gaisuwa yau, amsarta sai jibi.
Ɗansa Ermek na Koriya yana walda,
an yi masa 'ya tun sanyin bara.
Kakan bai san fuskarta ba,
sai wata inuwa da ke daskarewa a gilashi, baki buɗe.

Watan shida ƙarfe ya iso ƙauyen da ke ƙasanmu.
Watan bakwai aka ce kuɗin aiki ya yanke.
Watan takwas, shafi fari fat.
Yara suka fara tsokana:
Ata, yau taku nawa ya yi?
Ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Suka ce duwatsun nan da yawa, Ata, da wanne za ka fara?

Ran nan dusar ƙanƙara ta farko ta sauka cikin dare.
Da safe ya hau tudun maƙabarta
ya share wa Burul kabari, kamar kowace Alhamis,
shekara shida ke nan bai fasa ba.
Yana cikin addu'a aljihu ya yi ƙara,
bai kula ba sai da ya shafa.
Ko da ya duba, sanduna huɗu tsaye ƙiƙam,
ga sabon harafin nan a gefe
wanda ya daɗe yana zanawa a bayan littafi.

Ashe jiya aka kunna wani ƙarfe a ƙetaren kwari.
Ya tsallake gidaje, ya tsallake makaranta da shago,
tudun nan kaɗai ya ga dama ya taɓa.

Ya kira. Ba jira.
Ga Ermek, har furfura ta leƙo masa gefen kunne,
ga yarinya da haƙora biyu tana tauna wuyan rigar ubanta,
tana motsi, motsi na gaske.
Tsoho ya nemi magana ya rasa.
Ya juya wayar wajen dutsen kabari,
ya ce, Burul, ga takwararki.

Yanzu in la'asar ta yi sai ka ga ayari na hawa tudu,
mata da shayi a fulas, samari da bargo a kafaɗa,
kowa ya zauna kusa da nasa mamaci
yana hira da nasa matafiyi.
Liman ya yi gunaguni kwana biyu.
A na uku aka hango shi bayan katanga
yana tambayar ƙanwarsa farashin nama a Mosko.

An ce cikin gari sai baɗi, in hanya ta buɗe.
Toktosun ba ya rubuta an ce.
Kowace safiya yana gangarowa da waya a tafin hannu,
yana ƙirga taku har inda sanda ta huɗu ke faɗuwa,
ya soke tsinke a wurin.
Jiya ɗari biyu da sha ɗaya.
Yau, da iska ta kwanta, da sha huɗu.